FASFO DA BIZA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN TAFIYA TURAI

An shirya wannan 'yar takarda domin hakiman ƙasar Zazzau ta arewa, musamman na Ikara da Makarfi da Kudan, da malamansu masu riƙe da alƙalami, da dagatai waɗanda a ke zuwa wurinsu neman shaida. Dalili kuwa shi ne, mai niyyar fita ƙasar waje daga zauren mai unguwa ya ke fara tafiyarsa, ya bi ta wurin dagaci, ya iso ofishin hakimi, sa'an nan ya wuce sakatariyar ƙaramar hukuma. Abin da aka rubuta masa a waɗannan wurare shi zai bi shi har gaban ma'aikacin iyaka a Faris ko Landan. In an rubuta daidai, madalla. In kuwa an kuskure, ba mai iya gyarawa a can.

Masu zuwa Turai daga waɗannan gundumomi ba su da yawa in an kwatanta da maniyyata aikin hajji, amma akwai su. Akwai ɗalibai da malamai na Jami'ar Ahmadu Bello masu neman ƙaro ilmi, da ma'aikatan asibiti waɗanda suka yi karatun kiwon lafiya a Makarfi, da 'yan kasuwa masu sayo injuna, da marasa lafiya masu neman magani, da ma'aikatan gwamnati da a ke aikawa taro. Galibinsu abin da suka sani na tafiya daga bakin alhazai suka ji shi, ga shi kuwa dokar Turai dabam ta ke da ta Makka.

Asalin fasfon

Kafin 1 ga Oktoba 1960 mutumin Jihar Arewa da ya nemi fasfo a kan rubuta shi a matsayin wanda ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Bayan samun mulkin kai ya zama ɗan Nijeriya, kuma ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wanda a lokacin ya ke da ikon shiga Ingila ba tare da wani dogon bincike ba. Majalisar Ingila ta fara rufe wannan ƙofa da dokar da ta yi a 1962, a 1986 kuma aka yanke shawarar cewa sai ɗan Nijeriya ya sami biza kafin ya taso. Sabo da haka dattijon da ya ba da labarin yadda ya shiga Landan a sauƙaƙe a zamanin Sardauna gaskiya ya faɗa, sai dai ba a auna tafiyar yau da labarinsa.

Mai ba da fasfo ita ce Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa, wadda a dā reshe ce na 'yan sanda, aka kafa ta da dokar kanta a 1963. Fasfon talaka kore ne, na ma'aikacin gwamnati mai tafiyar aiki shuɗi, na jakadu ja. Tun 2007 a ke ba da fasfo mai ƙwaƙwalwar na'ura a cikinsa, inda a ke ajiye hoton mai shi da zanen yatsunsa. Wannan ya kawo wani canji da har yanzu waɗansu ba su lura da shi ba. A dā in fasfo ya cika shekara biyar a kan kai shi ofis a buga masa hatimi a ƙara masa biyar. Yanzu ba a yin haka. Abin da a ke kira sabuntawa ba da sabon littafi ne ɗungum, da sabuwar lamba, a soke tsohon a mayar wa mai shi.

A watan Janairu 2019 aka fito da ingantaccen fasfo, wanda ya zo da littafi mai shekara goma. Mai shafi 32 shekara biyar ya ke yi. Mai shafi 64 shi ne a ke samu na shekara goma, amma ga wanda ya kai shekara 18 da haihuwa. Yaro na shekara biyar a ke ba shi, gama kamanninsa suna sākewa da sauri. Kowane yaro kuma da nasa fasfon, ko da jariri ne na goye. Kuɗin da aka tsayar ga mai nema a cikin ƙasa daga 1 ga Satumba 2025 shi ne naira 100,000 ga mai shafi 32, naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara goma, watau ninkin abin da aka tsayar a Satumba 2024. Kuɗin ya kan canza, don haka malamin hakimi ya duba shafin hukumar a intanet kafin ya faɗa wa kowa adadi.

Akwai wata takarda da a ke rikita ta da fasfo, watau takardar tafiya ta ƙungiyar ECOWAS. Bisa yarjejeniyar 1979, ɗan ƙungiyar yana iya shiga ƙasashenta ya zauna kwana 90 ba biza, da wannan takarda ko da fasfo. Tana kai mutum Kwatano ko Ankara ta Gana. Ba ta kai shi Turai, ba a kuma manna mata biza.

Ranar mutuwar fasfo

Nan ne aka fi yin hasara, nan kuma ya kamata malamin hakimi ya fi tsayawa.

A shafin hoto akwai ranaku biyu, ranar da aka ba da fasfo da ranar da zai mutu. Mai fasfo ya kan dubi ta biyun ya ce yana da sauran lokaci. Mai sayen rake a kasuwar Makarfi ya san ba dukan tsawon sandar a ke sha ba, akwai kan da a ke yarwa. Haka fasfo ya ke ga mai zuwa Turai: watanninsa uku na ƙarshe ba su cikin lissafi. Dokar ƙasashen Shengen, waɗanda za a yi bayaninsu nan gaba, ta ce lalle fasfo ya kasance da sauran rai na aƙalla wata uku bayan ranar da matafiyi zai fita daga ƙasashen. A lura, daga ranar fita a ke ƙidayawa. Mutane da yawa daga ranar shiga su ke ƙidayawa, su ga ya isa, alhali bai isa ba.

A ce wani mutumin Gimi yana da fasfo mai mutuwa ran 30 ga Nuwamba 2027. An gayyace shi Jamus, zai tashi 25 ga Agusta ya dawo 15 ga Satumba. A ganinsa fasfonsa lafiya lau, tun da zai dawo gida da sauran wata biyu da rabi. Amma wata uku bayan 15 ga Satumba shi ne 15 ga Disamba, fasfon kuwa ya riga ya mutu da kwana goma sha biyar. Ofishin jakadanci ba zai ba shi biza ba. In ma yana da tsohuwar biza, kamfanin jirgin sama na iya hana shi hawa tun daga Kano ko Abuja, domin kamfanin da ya kai fasinja marar cikakkun takardu a kan ci shi tara, a kuma tilasta masa mayar da shi. Kuɗin tikiti ya tafi, taron da aka gayyace shi ya watse, duk a kan kwana goma sha biyar. Ga wannan mutum, fasfonsa na zuwa Turai ya ƙare ne a ƙarshen Agusta, ko da ya ke an rubuta Nuwamba.

Lissafin nan da watannin boko a ke yinsa. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, sabo da haka wanda ya ce ya karɓi fasfonsa bayan babbar salla shekara huɗu da suka wuce bai faɗi abin da za a iya aiki da shi ba. A buɗe littafin a karanta.

Sharaɗi na biyu shi ne fasfon ya zama an ba da shi cikin shekara goma da suka wuce. Wannan bai cika damun ɗan Nijeriya ba, tun da fasfonsa ba ya wuce goma. Mutanen Ingila ya fi kamawa, domin kafin Satumba 2018 gwamnatinsu ta kan ƙara musu ragowar watannin tsohon fasfo a kan sabo. Na uku, a sami shafi biyu aƙalla waɗanda ba a buga kome a kansu ba. Ɗan kasuwa mai yawan zuwa umra ko Dubai littafinsa mai shafi 32 ya kan cika tun shekarunsa ba su ƙare ba, irin wannan gara ya nemi mai shafi 64 tun farko.

Ƙasashe da dama a wajen Turai wata shida su ke nema, ciki har da Saudiyya. Domin kada a riƙa rikicewa tsakanin uku da shida, abin da ya fi shi ne hakimi ya gargaɗi jama'arsa da magana ɗaya: fasfon da ya rage masa shekara guda lokacin neman sabo ya gabato, wanda ya rage masa wata shida kuwa kada a sayi tikiti da shi. A 2021 gwamnati ta tsayar da mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa, ana kuma ta ƙoƙarin rage wannan lokaci tun daga nan. Duk da haka mai hankali ba ya ɗaura tafiyarsa a kan alkawarin ofis. Gab da aikin hajji ofisoshin fasfo na Kaduna da Kano su kan cika da maniyyata. Manomi ya fi samun sauƙi in ya nema da kaka, sa'ad da kuɗin masara ko na rake ke hannu, layi kuma bai yi tsawo ba.

In tsohon fasfo yana ɗauke da bizar da ba ta mutu ba, kada a yar da shi, kada kuma a ɓamɓare bizar don a manna a sabo. Ɓamɓarewa kashe ta ne. A tafi da littattafan biyu tare.

Ƙasashen Shengen da kwana casa'in

Shengen ƙauye ne a ƙasar Luksamburg, inda ƙasashe biyar, watau Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksamburg, suka sa hannu ran 14 ga Yuni 1985 cewa za su ɗauke shingen da ke tsakaninsu. Aka fara aiki da wannan a 1995. Da shigar Romaniya da Bulgeriya, wadda ta kammala 1 ga Janairu 2025, ƙasashen sun kai 29. Mai bizar ɗaya daga cikinsu yana iya ratsa sauran kamar yadda a ke fita daga Jihar Kaduna a shiga ta Kano. Ba dukan Tarayyar Turai ke ciki ba, gama Ailan na waje. Akwai kuma waɗanda ke ciki alhali ba 'yan Tarayyar ba ne, irin su Suwizalan da Norwe. Ingila ba ta taɓa shiga ba.

Bizar ziyara tana ba da damar zaman da bai wuce kwana 90 ba cikin kowane kwana 180. Kwanakin na dukan ƙasashen ne a haɗe. Wanda ya yi kwana 90 a Italiya ba shi da sauran kwana a Faransa. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce. Kuma kwana 180 ɗin ba su da ranar farawa tsayayya. Kowace rana a kan waiwaya baya kwana 180 a ƙidaya nawa mutum ya yi a ciki.

Misali, wata mata daga Hunkuyi ta je taya 'yarta jego a Holan. Ta shiga 1 ga Maris ta fita 29 ga Afrilu, kwana 60 ke nan. Ta koma 1 ga Yuni. Saura kwana 30 gare ta, don haka lalle ta fita ran 30 ga Yuni. Ba ta da ikon sake shiga sai 28 ga Agusta, ranar da kwananta na farko na watan Maris ya fita daga lissafi. Fita kwana biyu a dawo ba ya sabunta kome.

A jikin bizar akwai abu uku da a ke karantawa dabam dabam: ranakun da ta fara da inda ta ƙare, da yawan shiga, ko sau ɗaya ko sau biyu ko sau da yawa, da yawan kwanakin zama. Mutum ya kan ga bizarsa ta shekara guda ce ya ɗauka an ba shi zaman shekara. Wani kuma a ba shi kwana 15 kawai, ya ji ana cewa casa'in ya zauna. Abin da aka rubuta a tasa bizar shi ne nasa.

A dā ma'aikacin iyaka hatimi ya ke dubawa ya yi lissafi da ka, wani lokaci abu ya wuce shi. Ran 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen suka fara aiki da wata na'ura mai rubuta shiga da fitar kowane baƙo, da hoton fuskarsa da zanen yatsunsa, aka kuma tsayar da 10 ga Afrilu 2026 ta zama ranar da za ta game dukan iyakoki. Na'ura ba ta mantuwa, ba ta kuma jin roƙo. Wanda ya wuce kwanakinsa a kan ci shi tara ko a kore shi, ana iya hana shi shiga har shekara biyar, bizarsa ta gaba kuma ta yi wuya. Sauya fasfo ba ya share wannan, tun da yatsun ba su sāke ba.

Neman biza

Ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. In zaman ya zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. Yawancin ofisoshin sun wakilta kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact su karɓar musu takardu a Abuja da Ikko. Kamfanonin nan karɓa kawai su ke yi, ba su ke yanke hukunci ba. Ba a karɓar takarda in saura fiye da wata shida a yi tafiya, ana kuma so a miƙa ta aƙalla kwana 15 kafin tashi. Hukunci ya kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su har 45, ga shi samun ranar ganawa ma kan ɗauki makonni.

Daga 11 ga Yuni 2024 kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfani. In an hana biza ba a mayar da kuɗi, amma a kan ba mutum takardar dalili, yana kuma da ikon ɗaukaka ƙara. Ana bukatar inshorar lafiya wadda za ta iya biyan yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri, da abin da zai nuna mutum zai dawo gida. A nan manomi ko ɗan kasuwa na ƙauye ya kan cutu, domin dukiyarsa na cikin rumbu da garke, ba ta cikin banki. Wanda ke da niyya ya fara shigar da cinikinsa ta banki tun da sauran watanni. Aro kuɗi a zuba rana ɗaya don a nuna wa jakada dabara ce da suka daɗe da ganewa.

Biza ba ta zama tabbacin shiga ba. Ma'aikacin iyaka yana da ikon ya nemi ganin tikitin dawowa da takardar gayyata, ya kuma mayar da wanda bai gamsar da shi ba. A riƙe takardun a jakar hannu. Har wa yau Nijeriya na cikin ƙasashe goma sha biyu waɗanda 'yan ƙasarsu ke bukatar bizar ratse ko da sauya jirgi kawai za su yi a filin jirgin sama na Shengen, sai fa waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai rai. Karatu da aiki kuwa ba su shiga ƙarƙashin bizar ziyara. Kowace ƙasa da tata bizar dogon zama da nata sharuɗɗan.

Ingila

Ingila ta fita daga Tarayyar Turai ran 31 ga Janairu 2020, kuma tun kafin nan bizarta dabam ta ke. Bizar Faransa ba ta shiga Landan, ta Ingila ba ta shiga Faris. Bizar ziyara ta wata shida ce. Akwai ta shekara 2 da 5 da 10, amma kowace ziyara ba ta wuce wata shida. Ingila ba ta neman ragowar wata uku, bukatarta fasfo ya rayu har ƙarshen zama. Ɗan Nijeriya mai zaman da ya wuce wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Tun 2025 sun fara maye gurbin bizar mannawa da ta na'ura, wadda ke haɗe da lambar fasfo; wanda ya sauya fasfo lalle ya shigar da sabuwar lambar kafin ya tashi.

Abu ɗaya ya shafi Makarfi musamman, inda matasa masu ilmin kiwon lafiya ke da yawa. Daga 22 ga Yuli 2025 Ingila ta daina ba da sabuwar bizar aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi ga masu nema daga waje. Duk wanda ya zo gari yana karɓar kuɗin iyaye da sunan wannan aiki, hakimi ya kira shi ya bincike shi.

Abin da ke hannun malamin hakimi

Ana cika takardar neman fasfo ta intanet, a biya ta nan, sa'an nan mai nema ya je ofis a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ba a samun fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, kuma abin da ke ƙarƙashin lambar shi a ke juyowa cikin fasfo. Ana neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa. Wanda aka haifa daga Disamba 1992 zuwa yau ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a ke so. Wanda ya riga haka a kan karɓi rantsuwar shekaru daga kotu. Yaro sai da takardar yardar iyaye, matar da ta sauya suna kuma sai da shaidar aure.

Takardar asali daga bakin dagaci da hakimi ta ke tasowa, nan kuwa rikicin suna ke farawa. Mutum guda ne Mamman a gida, Muhammadu a littafin firamare, Mohammed a takardar sakandare, Muhammad a banki. A wata takarda sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata sunan kakansa, a wata kuma sunan garinsa, Paki ko Likoro ko Gubuchi, kamar yadda makarantun Arewa suka saba laƙaba wa yara. Kowa a gari ya san mutum ɗaya ne. Magatakardan jakada a Abuja bai sani ba, a wurinsa mutum huɗu ne. Sabo da haka kafin malami ya ɗora alƙalami, ya nemi takardar NIN da ta haihuwa da ta makaranta ya shimfiɗa su gefe da gefe. In sun yi daidai ya kwafa harafi da harafi, ko da shi a ganinsa rubutun ba shi ne ingantacce ba. In sun saɓa, ya tura mutumin ya gyara tukuna. Gyara kafin a buga fasfo ɓata lokaci ne kaɗan. Bayan an buga, sai an sake biyan kuɗin littafi da na gyara, da rantsuwar kotu, da dogon jira. A sani kuma fasfo ba ya ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, Ɗanladi zai fito Danladi, wannan ba kuskure ba ne. Tikitin jirgi ma da sunan da ke cikin fasfo a ke saye.

Ranar haihuwa ta fi suna wuya. Wanda aka haifa a gida ba a rubuta ba, a kan sa masa 1 ga Janairu, ba laifi, muddin ita ce a ko'ina. Laifin shi ne wanda ya rage shekara uku don neman aiki, ya dawo ya faɗi ta gaskiya wurin hajji, sa'an nan ya zo da ta uku wurin neman karatu. Na'urar Turai tana riƙe da zanen yatsun duk wanda ya nemi biza, an ba shi ko an hana shi. Ranar da yatsu ɗaya suka zo da ranakun haihuwa biyu, magana ta ƙare.

Akwai wani rikicin na waɗannan gundumomi kaɗai. A dā Makarfi da Kudan suna cikin ƙaramar hukumar Ikara, aka cire Makarfi, daga bisani aka cire Kudan daga Makarfi. Don haka mutumin Hunkuyi na iya riƙe tsohuwar takarda mai cewa Ikara, da wata mai cewa Makarfi, da sabuwa mai cewa Kudan, alhali bai taɓa barin gidan da aka haife shi ba. Wanda aka haifa tsakanin 1967 da 1976 ma takardarsa Jihar Arewa ta Tsakiya za ta ce. Malami ya bambanta garin haihuwa, wanda ba ya canzawa, da ƙaramar hukumar asali, wadda a ke rubuta ta yanzu. In an ga bukata, a haɗa da 'yar wasiƙa mai bayyana yadda aka raba ƙasar.

Shaida amana ce, kuma doka na bayanta. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta sa ɗauri ko tara, ko duka biyu, a kan wanda ya yi ƙarya don a sami fasfo, da wanda ya tsaya wa mai ƙaryar, da wanda ya taimaki baƙo ya sami fasfon Nijeriya, da wanda ya riƙe koren fasfo biyu masu rai. Garuruwan da ke bakin titin Zariya zuwa Kano, irin su Tashar Yari, ba su rabuwa da baƙi 'yan ci-rani, waɗansu daga Nijar, harshe ɗaya, addini ɗaya, an zauna lafiya shekara da shekaru. Kirkin baƙo da daɗewarsa ba su mai da shi ɗan ƙasa. Akwai hanyar neman zama ɗan ƙasa a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita zai bi. Hakimi kada ya sa hannu ga wanda dagacinsa bai san mahaifinsa ba. Ya kyautu kowane ofishi ya ajiye littafi guda, a rubuta sunan wanda aka ba shaida, da unguwarsa, da dagacin da ya kawo shi, da kwanan wata, domin in tambaya ta taso daga Kaduna bayan shekaru a sami abin buɗewa.

Dillalai da ɓatan fasfo

Masu cewa a ba su kuɗi su kawo fasfo har gida ba tare da an je ofis ba, ko su ce sun san wani a ofishin jakada, ko su sayar da takardar gayyata, ƙarshen mai bin su hasara. Takardar jabu guda ɗaya ta isa Ingila ta hana mutum biza har shekara goma. Mafi muni su ne masu ce wa saurayi ko yarinya ba sai da biza ba, a bi ta Agadas a ratsa hamada zuwa Libiya a hau teku. In hakimi ya ji ƙishin-ƙishin irin wannan, musamman in ana karɓe fasfon 'yan mata a riƙe, ya sanar da hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ko ofishin shige da fice mafi kusa.

Fasfon da ruwa ya jiƙa, ko gara ta ci, ko shafinsa ya yage, ko aka yi rubutu a cikinsa, ana iya ƙinsa ko da saura shekara takwas. A ajiye shi cikin leda a akwati, nesa da ɗigon damina da hannun yara. A ɗauki hoton shafin farko a bar wa iyali ɗaya, a tafi da ɗaya. In ya ɓata a gida, a kai rahoto wurin 'yan sanda, a yi rantsuwa a kotu, sa'an nan a nemi madadinsa. In kuma tsohon ya bayyana daga baya, a mayar da shi ofis, kada a yi tafiya da shi, domin an riga an soke lambarsa. In a Turai ya ɓata, a sanar da 'yan sandan garin a karɓi takardarsu, a kai ta ofishin jakadancin Nijeriya tare da hoton shafin nan. Za su iya ba da takardar gaggawa, wadda ke dawo da mutum gida kawai, tafiya ɗaya, ba ta kai shi wata ƙasa.